Takardar Haƙƙin Ƙirƙira Ma Littafin Karatu Ce

Mai neman haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙira dole ne ya bayyana sirrin aikinsa dalla-dalla, sannan a ba shi kariya ta shekara 20. Wa'adin na cika, fasahar ta zama ta kowa. Kariyar kuma ba ta ƙetare ƙasashen da aka yi rajista. A Nijar da Kamaru da Chadi, hukumar OAPI da ke Yawunde ke yin rajistar.

Saboda haka ya wajaba malaman injiniya su zaunar da ɗalibai a kan waɗannan takardu, su koyi bambance abin da aka killace da wanda aka saki. Wanda bai iya wannan ba, zai ɓata shekaru yana haƙa rijiya a bakin kogi.