Hutun bazara: Hamada ko Ɗa'ifa ga iyalan Jarwal?

Saudiyya na tallata yawon buɗe ido a hamada, daga Al-Ula zuwa gandun Uruq Bani Ma'arid da Unesco ta amince da shi a 2023. Sai dai ga magidanci a Jarwal, tsohuwar unguwar Hausawa a Makka, lissafin daban ne.

Al-Ula ta haura kilomita 700 daga Makka, inda zafi ya kai maki 51.8 a watan Yunin 2024. Lalacewar mota da yara a ciki a irin wannan rana na iya janyo asarar rai. Ga kuma shingayen bincike, inda wanda iƙamarsa ta ƙare ke fuskantar kamu.

Ɗa'ifa kuwa, mai sanyin tsaunuka, tafiyar ƙasa da sa'o'i biyu ce.