Wai Lissafi Ne, Ba Caca Ba!

'Yan uwa Musulmi, wata yaudara ta shigo wa samarinmu a Dutse, musamman masu ɗan ilimin boko. Yaro zai kwana da waya a hannu yana koyon ƙirga karta, in ka yi magana ya ce wai shi ba ɗan caca ba ne, lissafi yake yi. Amma a cikinsu akwai wanda ya fara jin tsoron kansa, domin ya lura abin da ke jan zuciyarsa ƙyalƙyalin gidan cacar ne da faɗuwar gaba lokacin buɗe kati, lissafin ya zama hujja kawai. Abokai na ce masa ya daina tsoro. To mu muna cewa tsoron nan shi ne sauran hankalin da ya rage masa.

Dabarar tsohuwa ce. Wani malamin lissafi a Amurka, Edward Thorp, ya wallafa ta a 1962 a kan wasan ashirin da ɗaya: kana lura da katunan da suka fita, in manya ne suka fi yawa a saura sai ka ƙara kuɗi. Gwani ma rinjayen da yake samu bai wuce kamar kashi 1 cikin 100 ba, shi ma sai da jari mai kauri da jure asarar watanni, kuma ranar da masu gidajen caca na Las Vegas suka gane shi, kora ce. Balle wasan cikin waya, inda galibi na'ura ke sake cakuɗa katin bayan kowane zagaye. Me za ka ƙirga, don Allah? Kuɗin riɗin da tsohonka ya sayar a kasuwar Shuwarin ne kawai ke tafiya.

Ko da ma ana ci, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri guda, ba ta ware gwani ba.

Sai mahukunta. Tun shekarar 2000 Jigawa ta shelanta Shari'a. A watan Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ke nan babu sauran fakewa da Abuja. Muna jiran jin abin da majalisar dokoki da ke zama a nan Dutse za ta ce game da gidan cacar da ke cikin aljihun yaro.