Tsofaffin Kaset na Talabijin da Masu Neman Ilimi

Gidajen talabijin na Arewa sun shafe fiye da shekara 60 suna ɗaukar hoto da murya. Na Kaduna ya fara aiki a 1962, shekara uku bayan na Ibadan. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashin NTA, daga baya Kano ta buɗe CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV. Abin da suka ɗauka ya haɗa da hawan sallah, da jawaban 'yan siyasa, da wasannin kwaikwayo irin su Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Kasimu Yero.

Ga mutanen Birnin Kudu da Gwaram akwai wani ƙarin bayani. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 yankin yana cikin Jihar Kano, don haka hotunan da aka ɗauka a yankin a wancan zamani, a Kano ya kamata a fara nemansu. Malamin tarihi a Farin Dutse, ko ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai ya yi tattaki, kuma tattakin ba ya tabbatar da samu.

Matsalar farko ita ce kaset ɗin kansa. Zaren U-matic da Betacam da VHS ba ya jure zafi da ƙura da laima. Idan ya daɗe a ajiye sai ya manne wa juna ko ya yi fumfuna, a saka shi a na'ura ya tsinke. Ita ma na'urar ta zama abin nema, domin kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera ta VHS, ya daina a 2016. A da can, saboda tsadar kaset, akan goge tsohon shiri a ɗora sabo, abin da BBC ma ta yi. Ta biyu kuwa, wadda ta fi ci wa mai bincike tuwo a ƙwarya, ita ce rashin rajista: kaset da ba a rubuta rana da wuri da sunayen mutane a jikinsa ba, da shi da babu duk ɗaya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da fara adana irin waɗannan shirye-shirye. Faransa ta kafa hukumar adana su, INA, a 1975, masu bincike suna kallon tsofaffin shirye-shirye a ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris. A Amurka, Jami'ar Vanderbilt tana adana labaran talabijin tun 1968. A nan gida akwai ma'ajiyar fim da sauti ta ƙasa a Jos, da Gidan Arewa a Kaduna.

Aikin da ke gaba yana farawa ne da rubuta rajistar abin da ya rage, sannan a juye shi a kwamfuta, a fara da wanda ya fi lalacewa. Haƙƙin mallaka yana nan a hannun tashar, amma yarjejeniya da jami'o'i za ta iya ba malamai damar nuna shi a aji.