DAGA BENCIN 'YAN KALLO: Wahalar da waƙa ke haɗiyewa

Da fatan mun ga ƙarshen wata lafiya, kuma ana ci gaba da haƙuri da ɗaukewar wuta a daidai lokacin da jarumi zai haɗu da bos.

Kwanakin baya ina zaune a majalisarmu bayan sallar isha'i, sai ga ƙanen wani abokina ya zo ya tsuguna a gefena. Yaron bai wuce shekara 19 ba. Da muka gaisa sai ya ce, "Yaya, don Allah alfarma nake nema. Tunda kai kana shiga cikin 'yan fim, so nake ka haɗa ni da wani darakta." Na ce, "To karatun fa?" Ya ce ai ya haƙura, sau biyu yana zana jarabawar shiga jami'a makinsa bai kai ba, don haka ya gane ba nan rabonsa yake ba. Ya ƙara da cewa, "Ai Yaya ko a finafinai kana gani, duk wanda ya bi burinsa sai ya dace."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har na kwanta. Domin ni ma ina cikin masu son irin waɗannan finafinai, na talakan da ya tashi ba shi da ko sisi, aka raina shi, aka yi masa dariya, a ƙarshe ya zama abin kwatance. Wane ne ba ya so? Sai dai akwai wani wayo da masu shirya su ke yi mana, kuma mu 'yan kallo mun saba da shi har mun daina lura.

Ku tuna yadda abin yake tafiya. Jarumi ya faɗi, ya yi kuka, ya share hawaye, ya yi alƙawarin sai ya kai. Sai kiɗa ya tashi. A cikin waƙar nan ta minti uku ko huɗu za ka gan shi yana gudu da asuba, yana karatu a ƙarƙashin fitilar titi, yana gyangyaɗi a kan littafi, kalanda tana ta juyawa. Kafin waƙar ta ƙare ya zama gwani. Mu a namu finafinan na Hausa ma ba ma wahalar da kanmu da waƙar, rubutu kawai za a jefo a fuskar talabijin: "Bayan shekara biyar." Sai ga mutumin da muka bari yana tura baro ya fito daga mota da babbar riga. To ina shekara biyar ɗin? Ai a cikinta labarin yake, kuma ita aka yanke.

Shi ya sa wannan watan nake son mu tsaya a kan wani fim na Indiya da bai ɓoye shekarun ba, wato 12th Fail, wanda ya fito a watan Oktoba na 2023. Vidhu Vinod Chopra ne ya ba da umarni, mutumin nan da ya ɗauki nauyin 3 Idiots a 2009. Vikrant Massey ne jarumin. Labarin kuma ba ƙirƙira ba ce, an ɗauko shi daga littafin da Anurag Pathak ya rubuta a kan rayuwar Manoj Kumar Sharma, wani babban jami'in 'yan sandan Indiya.

Manoj ɗan ƙauye ne a yankin Chambal, yankin da ya yi suna da 'yan fashi. A makarantarsu satar amsa ba abin kunya ba ce, malamai da kansu ke rubuta wa yara amsa a allo ranar jarabawar gama sakandare. Shekarar da Manoj zai zana tasa sai aka kawo sabon jami'in 'yan sanda mai suna Dushyant Singh, wanda ya dira makarantar ya hana. Sakamako ya fito, kowa ya sha ƙasa, har da Manoj. Daga nan sunan fim ɗin ya samo asali, wato wanda ya faɗi a aji na 12.

Abin da ya burge ni, mutumin da ya jawo masa faɗuwa shi ne ya zama gwarzonsa. Bayan jami'in ya fitar da yayansa daga wani sharri da aka ƙulla masa, Manoj ya tambaye shi yadda zai yi ya zama irinsa. Amsar gajeriya ce: ya daina satar amsa. Shekara ta zagayo, an yi wa jami'in canjin wurin aiki, sata ta dawo sabuwa fil. Abokan Manoj duk suka fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, shi kaɗai ya fita da ta uku, don ya ƙi kallon allo. Jama'a, a wajena wannan ita ce babbar nasarar da ke cikin fim ɗin, kuma ba a buga mata ko ganga ba. Ran nan yaron ya zama mutum, tun kafin ya sa kaki.

Daga nan wahala ta ce salamu alaikum. Kakarsa ta ba shi kuɗin fanshon da ta daɗe tana tarawa, ya hau mota zuwa Gwalior, barci ya ɗauke shi, aka sace akwatin da kuɗin. Ya isa ya tarar gwamnatin jiha ta dakatar da jarabawar da ya zo dominta. Yana gararamba da yunwa ya haɗu da wani saurayi, Pritam Pandey, wanda ya saya masa abinci, ya kuma tafi da shi Delhi. A can ne ya fuskanci jarabawar UPSC, ta ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnatin Indiya. Ba wasa ba ce. Kimanin mutum miliyan ɗaya ke cika takardar nema a shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su fi wajen 1,000 ba. Hawa uku ce, ta share fage, da babbar ta rubutu, sannan ganawa ta baki da baki. In ka zame a ko wane hawa, sai ka dawo tun daga farko baɗi.

Chopra bai tausaya mana ba. Ya bar mu mun zauna da Manoj yana share ƙura a ɗakin karatu, yana wanke banɗaki, daga baya ya koma aiki a wani ƙuntataccen ɗakin injin niƙa, gari ya rufe shi fari fat, barcin 'yan awoyi kaɗan, sauran dare karatu. Akwai zaman da ya faɗi don kawai ya karanta tambayar Turanci ba daidai ba: an ce ya yi rubutu a kan yawon buɗe ido, shi kuma ya yi a kan ta'addanci, saboda kalmomin biyu sun yi kama a Turance. Shekara guda ta tafi a kan kalma ɗaya! Duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya sha fama da Turanci ya san zafin wannan. Sai a zama na huɗu, damarsa ta ƙarshe, ya haye. Kuma ko a gaban masu yi masa tambayoyi bai ɓoye cewa ya taɓa faɗuwa a sakandare ba, ya faɗi dalili. Manoj na gaskiya a 2005 ya ci.

To amma ni mutum biyu nake son ku sa wa ido idan za ku kalli fim ɗin, ko za ku sake kallo.

Na farko Gauri, wanda 'yan uwansa ɗalibai ke girmamawa kamar babban wa. Ya yi ƙoƙari iya ƙoƙari, ya zana har sau shida, bai ci ba, damarsa ta ƙare. Bai haukace ba, bai shiga shaye-shaye ba. Ya kafa teburin shayi ya sa masa suna Restart, wato a sake sabon lale, ya mai da wurin matattarar yaran talakawa masu shirin jarabawa, yana koya musu abin da ya sani. Shi ne ya raba Manoj da injin niƙa, ya ba shi ɗaki ya ce ya zauna ya yi karatu kawai. Ba don Gauri ba, ba don Pritam ba, ba don kaka ba, ba don Shraddha da ta tsaya masa ba, da babu labarin da za a ba mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu shi Pritam ɗin. Yana da gata, yana da kuɗin makaranta, amma ya yi ta faɗuwa, don tun asali ba burinsa ba ne, na mahaifinsa ne. Shi aikin jarida yake so, kuma sai da ya yi ta maza ya faɗa wa mahaifin gaskiya sannan ya samu kansa. Kun ga ke nan fim ɗin bai ce kowa ya dage a kan jarabawa har abada ba. Cewa ya yi ka san abin da kake so tsakaninka da Allah, ka kuma yarda za ka biya kuɗinsa.

Ku kwatanta da The Pursuit of Happyness na 2006, wanda Will Smith ya fito tare da ɗansa Jaden. Labarin Chris Gardner ne, a birnin San Francisco na Amurka a 1981. Wa zai manta daren da suka kwana a banɗakin tashar jirgin ƙasa, uban ya tokare ƙofa da ƙafa yana hawaye, ana ta bugawa daga waje? Fim ne mai kyau, ba na musu. A cikinsa mutum 20 aka ɗauka koyon aikin dillancin hannun jari na wata shida, ba albashi, mutum ɗaya za a bai wa aiki. Gardner ya samu, muka yi tafi. To sauran 19 ɗin fa? Su ma sun yi sammako, su ma suna da iyali. Kyamara ba ta bi ko ɗaya daga cikinsu gida ba. A rayuwa kuwa yawancinmu cikin 19 ɗin nan muke, aƙalla a zagayen farko. Abin da ya sa na fifita 12th Fail ke nan, ya nuna mana yadda mutum ke ci gaba da rayuwa da mutuncinsa bayan an kafe suna babu nasa.

Ga masu shirya finafinanmu, don Allah a duba. Sau nawa za mu ga talaka ya yi arziki don ya tsinci jakar Alhaji ya mayar, ko don wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya rasu ya bar masa gado? Muna da labarai a ƙofar gida. Yaron shago a Kantin Kwari da ya shekara goma yana ɗaukar dila kafin maigidansa ya sallame shi. Yarinyar da ta koyi ɗinki da keken aro. Mai gyaran waya da ya fara da teburi ɗaya a bakin titi. A nuna mana shekarun, mu ga ranar da jari ya karye da ranar da aka sake tashi. 'Yan kallo ba za su gudu ba.

Ku kuma masu aiko min da saƙo kullum cewa kuna son shiga fim, ku dubi waɗanda kuke sha'awar. Ali Nuhu ya yi digirinsa a Jami'ar Jos, ya fara fitowa a fim a 1999, sai a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya. Ku ƙirga shekarun da ke tsakani. Shi kansa Vikrant Massey a wasannin talabijin ya fara tun 2007, ya daɗe yana fitowa a matsayin abokin jarumi, sai a 2025 aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasar Indiya saboda 12th Fail, tare da Shah Rukh Khan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na san wani zai ce, kai ɗan jarida me ka sani? To ni ma sai da na maimaita lissafi kafin in samu shiga kwalejin kimiyya da fasaha, kuma shekarar nan da na zauna a gida abokaina suna makaranta, ba wata waƙa da ta tashi ta gajarce min ita. Kwana 365 ne cur, kowanne da safiyarsa da darensa.

Shi kuwa ƙanen abokin nawa, washegari na neme shi. Na ce masa zan kai shi lokeshin, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba jarumi zai je ya zama ba, zai je ya riƙe fitila ne, ya ɗauki waya, ya ga yadda ake maimaita fitowa ɗaya sau goma cikin rana tun safe har la'asar. Na biyu, zai sake cika takardar jarabawa, kuma a inda ba a rubuta wa kowa amsa. In ya shekara yana haɗa biyun, shi da kansa zai gane wanne ne burinsa, wanne ne kuma gudun wahala. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, shekara fa ka ce?" Na ce, "Shekara." Ya ce zai yi shawara. Har yanzu dai ina jiran sa.

Wanda ya kalli 12th Fail ya rubuto ya gaya min, tsakanin Manoj da Gauri wa ya fi burge shi, kuma me ya sa. Zan kawo ra'ayoyinku a wannan fili. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.