To, Me Za Ka Ci da Shi?

Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni fuskarsa ba walwala. Ya gama digirin farko a fannin fiziks, yana son ya zurfafa a ɓangaren nazari, wanda kayan aikinsa allo ne da alli da lissafi. Da ya faɗa a gida, sai baffansa ya ce, "To, me za ka ci da shi?" Daren nan kuma baffan ya bugo min waya wai in ja wa yaro kunne.

Ban ga laifin baffa ba. Wanda ya sha wahalar biyan kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambaya. Amma a nawa ra'ayin, amsar tana cikin wayar da ya kira ni da ita.

Bari mai karatu ya ji. A 1900 Max Planck, wani Bajamushe, ya kawo ra'ayin cewa zazzafan abu ba ya fitar da haskensa kamar kwararar ruwa, sai dai ƙulli-ƙulli. Nan ne mafarin ilimin kwantam. A 1925 Heisenberg, yana ɗan shekara 23, ya fito da lissafinsa, Schrödinger ya biyo baya a 1926. Da a lokacin wani ya tambaye su abin da za su ci da shi, ba su da abin nunawa. Sai a 1947 aka ƙera taransisto na farko a Amurka, bisa abin da wannan ilimi ya bayyana game da tafiyar lantarki a cikin ma'adinai. Yau wayar hannu ɗaya tana ɗauke da biliyoyinsa. Mun saya, mun yaba, amma ba mu son ɗanmu ya koyi tushen.

Haka abin yake a ɗaya gefen, wato nazarin al'amura masu sarƙaƙiya, inda ƙananan abubuwa masu yawa ke haɗuwa su yi abin da ɗaya ba zai yi ba. Duk wanda ya taɓa ganin jan-baki sun taso wa gona suna juyawa tare ba shugaba, ya ga misali. Giorgio Parisi ya yi nazarin irin wannan tashi a tsuntsayen birnin Rum. A 2021 ya raba kyautar Nobel da Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann, waɗanda suka aza harsashin lissafin sauyin yanayi. Shin akwai wanda ya fi manominmu buƙatar a fahimci halin damina? Ko sai dai kullum mu jira wani daga nesa ya lissafa mana?

Ba zan ɓoye ba, hanyar da wuya. Guraben aiki kaɗan ne, ga kaɗaici. Abdus Salam na Pakistan ya ɗanɗana: ya koma Lahore a 1951, bai sami abokin tattauna ilimi ba, dole ya sake ficewa a 1954. Wannan ciwo ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks a Trieste ta Italiya a 1964, domin 'ya'yan ƙasashe irin namu, kafin ya sami Nobel a 1979. A nahiyarmu ma an buɗe cibiyar AIMS a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda.

Ban ce kowa ya bi wannan hanya ba. Amma idan a dangi Allah Ya ba da yaro guda mai kan lissafi, kada mu kashe masa gwiwa da tambaya ɗaya. Na ce wa ɗana ya cike takardun neman gurbi, baffa kuma zan je in same shi da kaina, don irin wannan magana ba ta waya ba ce. Allah Ya sa mu dace.