An Ci Mu Mun Haƙura, Amma Wulaƙancin Bakin Ƙofa Fa?

'Yan uwana mazauna Abuja, na Kubwa da Dei-Dei da Gwagwa da Karmo, har da mutanenmu na Mararraba da kullum ke rantsuwa cewa su ma a Abuja suke. Yau maganar ƙwallo ce ke tafe da ni, kuma magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda bai damu da tamaula ba ya yi mini haƙuri ya ɗan karanta, domin in ya duba da kyau zai ga cewa yadda ake yi wa ɗan kallo, haka ake yi wa talaka a sauran wurare.

Ni dai tun ina yaro a Kano nake bin ƙwallo, kuma da na dawo Abuja da zama ban bar ciwon a tashar mota ba, da shi na taho. Saboda haka na san ɗacin a ci mutum. Sau biyu a jere Najeriya ta kai wasan raba gardama na neman gurbin zuwa Gasar Cin Kofin Duniya, a 2022 da 2025, kuma sau biyun ana fitar da mu. Na farko a filin wasa na kalle shi, na biyu a gidan kallo. Abin da na fahimta daga waɗannan darare biyu shi ne, ci a wasa ƙaddara ce wadda kowane mai goyon baya ya yarda da ita tun ranar da ya zaɓi ƙungiya. Amma wahalar da ake ba mutum kafin ya shiga fili, ko kafin ya ga wasan a talabijin, wannan aikin mutane ne, kuma mutane na iya gyara shi in sun ga dama.

Bari in fara da ranar Talata 29 ga Maris, 2022. Kwana huɗu kafin nan an tashi canjaras babu ci tsakanin Ghana da Najeriya a filin Baba Yara da ke Kumasi, don haka a Abuja za a yi ta ta ƙare, a filin Moshood Abiola da ke kusa da Ƙofar Gari. Garin ba daɗi a ranar, domin a daren Litinin ne aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kuma da yawa daga cikinmu mun kwana muna buga waya muna neman labarin 'yan uwa. Duk da haka gwamnati ta ce ma'aikata su tashi da ƙarfe ɗaya na rana su je su mara wa Super Eagles baya, aka kuma sanar da cewa ta sayi tikiti 20,000 don a raba kyauta.

To, a nan gizo ke saƙar. Kuɗin tikitin gama-gari da aka sanar naira 2,000 ne. Na yi wa ɗana alƙawarin zan kai shi, lokacin yana ɗan shekara 11, bai taɓa ganin 'yan wasan nan ido da ido ba. Na je wuri biyu da aka ce ana sayarwa, kowanne a ce mini ya ƙare. Daga ƙarshe a gefen titi na saya, hannun wani matashi da ke riƙe da bandir guda, kuma sai da na biya ninki biyu da ɗoriya. Ban tambaye shi inda ya samo ba, shi ma bai faɗa ba, amma mai hankali ya san cewa tikitin da ya ƙare a wurin sayarwa ba daga sama yake faɗowa gefen titi ba.

Da muka isa bakin ƙofa sai na gane cewa kuɗin ma asararsu na yi. Mai tikitin kuɗi, da mai na kyauta, da wanda bai riƙe komai ba, duk an haɗu ana turereniya a ƙofa guda. Na ɗaga yaron nan na ɗora a kafaɗa don kada a danne shi, takalminsa ɗaya ya faɗi ban ma iya sunkuyawa ba. Har muka shiga ba wanda ya karɓi tikitin ya duba. Filin da aka gina a 2003 don ɗaukar mutum kimanin 60,000, ranar har kan matakala mutane suke zaune.

Wasan kansa kowa ya san yadda ya kaya. Minti 10 da farawa Thomas Partey ya ɗaɗa ƙwallo daga nesa ta sulluɓe wa Francis Uzoho ta shige. A minti na 22 William Troost-Ekong ya rama da fenariti. Victor Osimhen ya zura wata muka yi ta tsalle, aka duba na'ura aka ce satar gida ce. Aka tashi ɗaya da ɗaya, Ghana ta wuce Katar saboda dokar nan da ke fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa, dokar da Turai ta riga ta soke a gasanninta tun 2021. Ɗana ya tambaye ni, "Baba, ai ba su ci mu ba, me ya sa aka ce mun fita?" Ban samu damar ba shi amsa ba, domin a lokacin mutane sun fara dira cikin fili, ana karya benci, ana yayyaga alluna, ga hayaƙin barkonon tsohuwa. Na kama hannunsa muka yi waje a guje. Washegari muka ji cewa wani likita ɗan Zambiya da ya zo aiki a wasan, Dokta Joseph Kabungo, ya rasu a wannan daren.

Ina da maƙwabci Bahaushen Zangon Kumasi, shi Ghana yake goyon baya, kuma na yi zaton zai hana ni sakat da tsiya. Da safe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, abin da ya fara tambaya shi ne ko yaron ya dawo lafiya. Wallahi wannan tambayar ta fi tsiyar ba ni kunya.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da 'yan kallo suka yi a daren nan haushin kaza ne huce kan dami. Hukumar FIFA ta ci tarar Najeriya kuɗin Suwizalan 150,000, ta kuma ce a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo, shi ya sa aka yi wasan Saliyo na watan Yunin 2022 a Abuja ƙofa a rufe. A Maris na 2023 Gini Bisau ta zo filin ta ci mu ɗaya da nema, daga nan wasannin neman gurbin 2026 na gida duk aka kwashe su zuwa Uyo. Wa aka hukunta in ba mu ba? Mu 'yan Sai Masu Gida mun fi kowa sanin wannan karatun, tunda a 2022 ɗin nan rikicin 'yan kallo ya jawo wa Kano Pillars tara da kora daga gida, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ɗauki kofin lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ta faɗa rukuni na ƙasa. Amma kuma ina ganin wanda ya tara dubban mutane, ya bar su suna kokawa a ƙofa na sa'o'i cikin rana, ya shigar da su fili ransu a ɓace tun kafin a take leda, shi ma yana da kasonsa a laifin.

Sai dare na biyu, Lahadi 16 ga Nuwamba, 2025. Wannan karon a Rabat ta ƙasar Maroko aka yi, bayan mun lallasa Gabon huɗu da ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe. Katin talabijin ɗina ya ƙare, kuɗin sabuntawa kuma ya zama abin da sai magidanci ya yi shawara da buhun shinkafa, don haka na tafi gidan kallon unguwarmu. Su ma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin shiga ya tashi, kuma ba na ganin laifinsu. Frank Onyeka ya ci mana tun da farkon wasa, Meschack Elia ya rama wa Kwango kafin hutun rabin lokaci, Osimhen ya ji ciwo bai dawo ba, aka yi ƙarin lokaci ba ci. Ana shirin bugun fenariti aka ɗauke wuta. Mai gidan kallo ya ja janareta, ta yi tari sau biyu ta mutu, mai ya ƙare.

Mutum kusan tamanin muka koma kan wayoyi uku ko huɗu masu sauran data. Hoton yana tsayawa yana tafiya, kuma a baya yake da kusan minti guda. A wayar da nake leƙe Semi Ajayi bai ma ajiye ƙwallo ba muka ji salati daga wani gida mai sola a bayan layi. Haka na san an fitar da mu, kafin in ga Chancel Mbemba ya buga ta ƙarshe, aka tashi huɗu da uku. Kuma kar a manta, kwana biyu kafin wasan Gabon 'yan wasan sun ƙi fita atisaye saboda bashin alawus. Ashe ba ɗan kallo kaɗai ake bari a bakin ƙofa ba.

Matsalar haska wasa ba sabuwa ba ce. A 2013, shekarar da Stephen Keshi ya ɗauko mana Kofin Afirka da ƙwallon Sunday Mba, an fara gasar gidajen talabijin na gida ba sa nunawa saboda an kasa daidaitawa kan kuɗin izini. A Janairun 2024 ma sai da ya rage 'yan kwanaki a fara gasar Kwaddibuwa sannan masu kallon SuperSport suka tabbatar za su gani, domin izinin yana hannun New World TV na ƙasar Togo. Kullum sai an kai gargara. A Ingila kuwa akwai doka tun 1996 da ta ware wasu wasanni, irin su Gasar Kofin Duniya da wasan ƙarshe na Kofin FA, ta ce dole a bai wa tashoshin da ake kallo kyauta damar nuna su. Ƙasar da ƙwallo ya zama kasuwa ke nan, amma ta san akwai wasan da na kowa ne.

Saboda haka ga abin da nake gani. A daina raba tikitin kyauta, domin banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ƙarshenta talakan da aka ce don shi aka yi, shi zai saya a gefen titi da tsada. In gwamnati na son taimako, ta rage kuɗin ga kowa. A fara sayarwa mako biyu kafin wasa, a wurare sanannu da kuma ta waya, kowane tikiti da lambar kujera, kada a buga fiye da kujerun da ke akwai, a kuma tace mutane tun daga nesa da ƙofa. Wanda ya karɓi kuɗina ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sannan 'yan majalisarmu su yi dokar da za ta sa duk wasan ƙungiyar ƙasa ya fito a tashar kyauta, da sharhi a rediyo cikin Hausa da sauran harsuna, a kuma sanar da tashar da wuri. Rediyo dai batir biyu ya ishe shi, ba ruwansa da janareta.

Mu kuma 'yan kallo, in an ci mu mu tashi mu tafi gida. Kujerar da ka karya, da kuɗin harajinka za a gyara ta, in ma an gyara.

Tikitin nan guda biyu suna nan a cikin durowata ba a ko yaga su ba. Ɗana ya girma yanzu, Arsenal yake goyon baya, kuma duk lokacin da na ce in Super Eagles sun dawo Abuja za mu je, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, a bari dai mu gani a waya." Ni kuwa na san kaina, ranar da suka dawo sai na je. Fatana kawai a wannan karon wani ya tsaya a ƙofa ya karɓi tikitina ya duba, ya nuna mini kujerata.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun sake haɗuwa.