Zaɓen Makarantar Kafinta: A Fara Duba Ilmin Itace

A ƙarshen kowace shekarar karatu, ɗalibai da dama a Birnin Kebbi da Argungu sukan nuna sha'awar koyon aikin katako, sai dai mafi yawansu sunan makaranta da girman takardar shaida suke dubawa. Abin da ya fi cancanta a fara tambaya shi ne ko makarantar tana koyar da halayyar itacen kansa, domin a nan ne kafinta yake cin riba ko ya tafka asara.

Katako gawar bishiya ne, kuma ƙwayoyin halittarsa ba su daina shan danshi da fitar da shi ba. Idan ruwan da ke cikinsa ya yi ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, sai ya fara tsukewa, kuma tsukewar ta gefen faɗi ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, inda iska take da laima. Idan aka ƙera ƙofa da shi kafin ya bushe, hunturu na shigowa sai ta tsage ko ta karkace. Da damina kuma, a yankin fadamar Rima, sai ta kumbura ta ƙi rufuwa. Ga kuma gara, wadda ba ta raga wa katakon da ba a sa masa magani ba.

Hanyoyin karatun a bayyane suke. Kwalejin koyon sana'a, irin ta Gwamnatin Tarayya da ke Zuru, tana kai ɗalibi ga jarrabawar hukumar NABTEB, wadda take da darussan kafinta da na ƙera kayan ɗaki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi tana ba da difloma a fannonin gine-gine, ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE da aka kafa a 1977. Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu kuwa malamai take horarwa. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya tantance ko zarto yake son riƙewa, ko kula da gini, ko alli.

Kafin a biya kuɗin rajista, ya kamata ɗalibi da malaminsa su ziyarci ɗakin aiki. Su ga ko injuna suna aiki, da yadda ake jera katako domin ya bushe, kuma su tambayi sa'o'in da ake yi ana aikin hannu a mako.

Haka nan makaranta tagari za ta koyar da itatuwan gida. Masassaƙanmu sun daɗe da sanin ƙarfin ƙirya wajen turmi da na giginya wajen azara. Amma itatuwa masu daraja suna ƙarewa, har ta kai tun daga 2017 cinikin madobiya tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin dokar yarjejeniyar CITES. Kafintan da bai iya sarrafa dogon yaro da sauran itatuwan shuka ba zai sha wuya nan gaba.

Ana iya cewa zama wurin gwani a kasuwa ya wadatar, kuma lalle hannu a can yake faɗawa. To amma gwani yakan nuna yadda ake yi, makaranta kuwa ita ce take bayyana dalili. Ɗalibin da ya haɗa biyun, wato aji da safe, shago da hutu, shi ne ƙofarsa za ta ga hunturu goma ba ta tsage ba. Allah Ya sa a dace.